Ganin Wata A Sakkwato, Rufe Kasuwa A Ikko: Yadda Ranakun Hutu Suke Taɓa Aljihun Mutanen Tambuwal Da Kebbe

A daren Litinin, 8 ga Afrilu, 2024, wadda ta yi daidai da 29 ga watan Azumi na shekara ta 1445 bayan Hijira, jama'ar Tambuwal da Dogon Daji da Sanyinna da Jabo, har zuwa Kebbe da Kuci, sun kasa kunne ga rediyo kamar sauran Musulmin ƙasar nan, suna jiran sanarwa daga fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar. Da sanarwar ta fito, sai aka ji cewa ba a ga wata ba, saboda haka za a cika azumi talatin, a yi Salla ranar Laraba, 10 ga wata.

Tun kafin wannan dare Gwamnatin Tarayya ta riga ta ba da hutun Talata da Laraba. Da ta ga Salla ta faɗa ranar Laraba, sai Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ba da sanarwar ƙara ranar Alhamis, 11 ga wata, a cikin hutun. Ma'aikata suka yi murna, yara suka sami ƙarin ranar yawon Salla. Amma a birnin Ikko, inda kasuwar hannun jari ta Nijeriya take, ma'anar wannan sanarwa ita ce a makon nan kwana biyu kaɗai za a yi ciniki, watau Litinin da Jumma'a.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan malamin makaranta na Tambuwal, ko mai fataucin tumaki na Kebbe, da wata kasuwa da ke bakin teku, wadda bai taɓa taka ƙafarsa cikinta ba? Amsar ita ce, albashinsa da fanshonsa da cek ɗin da aka rubuta masa da farashin buhun takin da zai saya da damina, duk suna bi ta hanyoyin da ake toshewa a ranar hutu. Wanda ya san lokacin da ake toshe su ba ya shan wahala, wanda bai sani ba kuwa yakan wayi gari ranar jajibiri yana da kuɗi a takarda amma babu ko kobo a hannu.

Wace ce kasuwar kuɗi?

Idan aka ce kasuwar kuɗi, ana nufin wurare iri uku ne waɗanda suke ɗaure da juna. Na farko shi ne kasuwar hannun jari, inda ake saye da sayar da hannun jarin manyan kamfanoni, irin su na siminti da na sukari da bankuna da kamfanonin waya. An kafa ta a Ikko cikin 1960, ta fara ciniki cikin 1961 da takardu iri 19 kacal. A 1977 aka sāke mata suna ta zama ta Nijeriya baki ɗaya, aka buɗe mata reshe a Kaduna cikin 1978, da wani a Kano cikin 1989. A 2021 aka mai da ita kamfani, ake kiranta NGX a taƙaice.

Na biyu shi ne kasuwar takardun lamuni, inda gwamnati take karɓar rance daga bankuna da kamfanonin fansho da sauran jama'a, ta ba su takarda mai wa'adi, na kwana 91 ko 182 ko 364, ko kuma na shekaru. A cikin wannan rukuni ne ake samun takardun sukuk, waɗanda Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa cikin 2017 da Naira biliyan 100 domin gina hanyoyi, waɗanda kuma aka gina su bisa ƙa'idar haya don masu gudun kuɗin ruwa.

Na uku shi ne kasuwar canjin kuɗin ƙasashen waje, wadda take da fuska biyu: ta hukuma da bankuna suke yi a tsakaninsu, da ta 'yan canji irin na Wapa a Kano.

Dukan ukun nan igiya ɗaya ce ta ɗaure su, watau Babban Bankin Nijeriya, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1959. Kowane ciniki aka ƙulla, ƙarshensa sai kuɗi sun tashi daga asusun wani banki sun koma na wani, kuma manyan lissafin nan a littafin Babban Banki ake daidaita su. Ranar da Babban Banki ya rufe ƙofa, babu mai daidaitawa. Wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa kasuwar hannun jari ba ta ci ranar hutu, ba don dillalai sun gaji ba. Shaida kuwa ita ce, tun 1999 aka daina cinikin baki da baki aka koma na kwamfuta, kuma a watan Maris na 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe zauren ciniki, dillalai sun ci gaba da aikinsu daga gidajensu ba tare da an fasa kasuwa ba. Ashe rufe gini ba ya tsai da ciniki, amma sanarwar hutu tana tsai da shi.

Wa yake da ikon ba da hutu?

Dokar Ranakun Hutu ta 1979 ita ce tushen al'amarin. Ranakun da ake hutawa iri biyu ne. Akwai waɗanda kowa ya san ranarsu tun farkon shekara: 1 ga Janairu, da 1 ga Mayu ta ma'aikata, da 12 ga Yuni ta dimokuraɗiyya, da 1 ga Oktoba ta samun mulkin kai, da 25 da 26 ga Disamba na Kirsimati. Jumma'a da Litinin na bikin Ista ma, ko da yake suna motsawa tsakanin Maris da Afrilu, ana iya lissafa su shekaru da yawa kafin su zo.

Wasu daga cikin ranakun nan suna da tarihinsu. Hutun ma'aikata, alal misali, gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta Jihar Kano ce ta ba da shi cikin 1980, sa'an nan Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi cikin 1981. Ranar dimokuraɗiyya kuwa da can 29 ga Mayu ce, sai a 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya mai da ita 12 ga Yuni, aka fara aiki da haka cikin 2019.

Iri na biyu su ne Ƙaramar Salla da Babbar Salla da Mauludi. Waɗannan doka ba ta yanke musu rana ba, ta bar wa Minista ne ya sanar da ranar da ta dace. Minista kuwa ba shi yake ganin wata ba. Kwamitin duban wata ne yake tattara labari daga garuruwa, a tantance, sa'an nan Sarkin Musulmi, a matsayinsa na shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci, ya yi sanarwa. Da yake shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, Salla takan matso gaba da kwana 10 ko 11 kowace shekara a kalandar Bature, har ta zagaye damina da kaka da rani cikin shekara 33 ko kusa da haka.

A nan ya kamata a lura da wani bambanci. Babbar Salla tana faɗawa ranar 10 ga Zulhajji ne, saboda haka da zarar an ga watan, kowa yana da kwana tara ko goma na shiri. Mauludi ma haka, tun da 12 ga Rabi'ul Awwal ne. Ƙaramar Salla ce kaɗai ake sanin ranarta a daren da za ta kwana, ita ce kuma take rikita lissafin bankuna. Abin da ya faru a 2024 ba shi ne na farko ba. A 2016 an ba da hutun Talata da Laraba, 5 da 6 ga Yuli, aka cika azumi talatin, Salla ta kama Laraba, sai aka ƙara Alhamis, 7 ga wata. A makon nan ma Litinin da Jumma'a kaɗai aka yi ciniki.

Bayan waɗannan akwai hutun ba-zata. Da tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya rasu a London ranar Lahadi, 13 ga Yuli, 2025, Gwamnatin Tarayya ta ba da hutu ranar Talata, 15 ga wata, ranar da aka yi jana'izarsa a Daura. Har ila yau gwamnoni suna da ikon ba da hutu a jihohinsu, kamar yadda Jihar Sakkwato da wasu jihohin Arewa sukan yi ranar 1 ga Muharram. Sai dai irin wannan hutu na jiha ba ya rufe kasuwar Ikko. Ma'aikacin ƙaramar hukumar Tambuwal zai kasance a gida, alhali ana can ana ta ciniki, farashi yana hawa yana sauka.

Kwanan aiki da kwanan kalanda

Babban sirrin wannan al'amari shi ne, kasuwar kuɗi tana amfani da ma'auni biyu wajen ƙidayar kwana. Idan kai ne za a biya, da kwanan aiki ake ƙirga maka, watau ban da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Idan kuwa kai ake bi bashi, da kwanan kalanda ake ƙirga maka, babu ranar da ake tsallakewa.

Bari mu ɗauki misali. A ce wani ma'aikacin lafiya a Tambuwal yana da 'yan hannun jari da ya saya tun yana saurayi, ya yi niyyar sayar da su domin ɗinkin Salla da zakkar kono. A 2024 ƙa'idar kasuwa ita ce, kamfanin CSCS, wanda yake riƙe da rajistar hannun jari yake kuma daidaita ciniki tun 1997, yana kammala biya bayan kwana uku na aiki. Idan dillalinsa ya sayar ranar Litinin, 8 ga Afrilu, a makon da babu hutu da ranar Alhamis an gama. Amma a wannan mako, kwana na farko shi ne Jumma'a 12 ga wata, na biyu Litinin 15, na uku Talata 16. Watau kuɗin Salla za su iso bayan Salla da kwana shida. In yana so su shigo kafin a rufe bankuna, tilas ne ya kasance ya sayar tun ranar Laraba, 3 ga wata.

Abin ya ƙara tsanani a wannan shekara domin Ista ta zo daf da Salla. Jumma'a 29 ga Maris hutu ce, Litinin 1 ga Afrilu ma hutu ce. Idan aka ƙirga daga 29 ga Maris zuwa Lahadi 14 ga Afrilu, kwana 17 ke nan, amma kwana 6 kaɗai aka buɗe kasuwa da bankuna a cikinsu.

Hukumomi sun san wannan damuwa, shi ya sa ake ta rage wa'adin biya. Amurka ta koma kwana ɗaya a watan Mayu na 2024. Nijeriya ta rage nata daga kwana uku zuwa biyu a watan Nuwamba na 2025. Amma ko da an mai da shi kwana ɗaya, kwanan aiki ne, hutu kuwa ba ya cikin lissafi. Haka yake ga cek: wanda aka ba shi cek na wani banki daban ranar jajibiri, sai bayan an dawo aiki za a wanke masa shi.

Yanzu a juya ɗaya gefen. A ce wani ɗan kasuwa ya karɓi rancen Naira miliyan ɗaya daga banki bisa kuɗin ruwa kashi 30 cikin ɗari a shekara. Idan aka raba Naira 300,000 gida 365, kowace rana tana cin kusan Naira 822. Hutun kwana uku da Asabar da Lahadi, kwana biyar ke nan, sun ci masa fiye da Naira 4,000, ko ya buɗe shago ko bai buɗe ba. Banki yana hutu, bashi ba ya hutu.

Kasuwar gari tana cika, ta kuɗi tana rufewa

Wani abin lura shi ne yadda kasuwannin garuruwanmu da kasuwar kuɗi suke juya wa juna baya a lokacin biki. Kasuwar ƙauye ba ta san sanarwar Minista ba. Ranarta ta mako take bi, ko ta faɗa 1 ga Oktoba ko ranar Kirsimati za ta ci. Kasuwar da ta gabaci Salla kuwa ita ce mafi cika a shekara: masu gero da dawa da shinkafa da wake, masu albasa da tattasai, masu yadi da takalma, teloli da masu lalle, kowa yana neman rabonsa. Daidai lokacin da kasuwar gari ta fi bukatar tsabar kuɗi, a lokacin ne ƙofar banki take shirin rufewa.

Tambuwal tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Jega da Yawuri da Kwantagora zuwa kudu, hanyar da manyan motoci suke bi da raguna da shanu da albasa. Mai fataucin raguna da ya tara dabbobi daga ƙauyukan Kebbe, ya yi lodi zuwa Ibadan ko Ikko, yawanci bai biya masu kiwo duka ba, alkawari ne a tsakaninsu sai ya dawo. Zai sayar da na ƙarshe ranar jajibiri ko da safiyar Salla, a lokacin da babu bankin da yake buɗe. Da can sai ya ɗaure kuɗin a jiki ya kamo hanya, da duk haɗarin da ke cikin haka, balle a 'yan shekarun nan da matsalar tsaro ta addabi wasu sassan Arewa maso Yamma.

Zamani ya kawo sauƙi. Tun 2011 aka fara tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna, wanda yake aiki dare da rana, har da ranakun hutu, kuma masu na'urar POS sun bazu har cikin ƙauyuka. Sai dai sauƙin yana da iyaka. Mai POS ba ya buga kuɗi. Tsabar da yake bayarwa daga banki yake ɗaukowa, ko daga 'yan kasuwa da gidajen mai. Idan hutu ya yi tsawo tsabar takan ƙare, na'urorin ATM su bushe, ladan cirewa ya hau. Idan kuma aka tura kuɗi suka maƙale a hanya, an cire daga asusun mai saye ba su shiga na mai sayarwa ba, babu tebur ɗin da za a kai kuka sai an dawo aiki. Mutumin ƙauye da yake nesa da reshen banki shi ya fi jin wannan a jikinsa, domin bayan jiran ranar aiki akwai kuɗin mota.

Jama'a ba za su manta da farkon 2023 ba, bayan da Babban Banki a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sāke fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000. A lokacin an ga akasin abin da muke magana a kai: an sa bankuna buɗewa Asabar da Lahadi domin karɓar tsofaffin kuɗi da kuma rage layi. Wannan ya nuna cewa ranar hutun banki hukunci ne na hukuma, wanda take iya ɗagawa idan bukata ta kama.

Ga ma'aikacin gwamnati kuwa, maganar ta fi kusa. Kason jihohi da ƙananan hukumomi yana fitowa ne bayan taron kwamitin rabon arzikin ƙasa da ake yi wata-wata a Abuja, sa'an nan ya bi ta Babban Banki da bankunan kasuwanci kafin ya zama albashi. Kowane mataki kwanan aiki yake ci. Wannan ne ya sa gwamnatocin jihohi sukan ba da umurnin a biya albashi da wuri idan Salla ta matso. Ma'aikatan da suke cikin tsarin fansho na adashi, wanda dokar 2004 ta kafa, su ma su sani cewa ajiyarsu ba a akwati take kwance ba, mafi yawanta tana cikin takardun lamunin gwamnati, wani kaso kuma a hannun jari. Ɗalibin da zai biya kuɗin rajista a jami'a, wa'adi ya faɗa makon Salla, shi ma ya shiga lissafin.

Duniya ba ta hutawa tare da mu

Akwai wata illa ta dabam. Sa'ad da kasuwarmu take rufe, na wasu ƙasashe suna ci. Farashin ɗanyen mai, wanda kuɗin shigar Nijeriya suka dogara a kansa, a London da New York ake yanka shi, su kuwa ba su san Sallarmu ba. Idan wani babban abu ya faru a duniya cikin kwana ukun hutu, mai hannun jari a Nijeriya yana ji a rediyo amma ba shi da ikon saye ko sayarwa. Ranar da aka buɗe, sai labarin kwana uku ya sauka a kan farashi lokaci guda. Saboda tsoron haka, wasu manyan 'yan kasuwa sukan rage kayansu kafin dogon hutu.

Misali mafi girma ya faru a ƙasar Sin. An rufe kasuwar Shanghai domin bikin sabuwar shekararsu a ƙarshen Janairu na 2020, annobar korona ta yi ƙarfi a cikin hutun, aka ƙara kwanaki. Da aka buɗe ranar 3 ga Fabrairu, farashi ya faɗi da kusan kashi 8 cikin ɗari a yini ɗaya.

Kowace ƙasa da irin tata al'ada. A Ingila, dokar 1871 wadda Sir John Lubbock ya gabatar ita ce ta kafa ranakun da har yau suke kira hutun banki, kuma kasuwar London takan yi rabin yini ne ranar jajibirin Kirsimati. A New York ana rufewa ranar bikin godiya, Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, washegari kuma a tashi da ƙarfe ɗaya na rana. Har zuwa 1952 suna ciniki ranar Asabar. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, sun rufe sai 17 ga wata. Japan ta rufe kasuwarta kwana 10 a jere a 2019 domin naɗin sabon sarkinsu. A Indiya kuwa, ranar bikin Diwali hutu ce, amma akan buɗe kasuwa na sa'a ɗaya domin neman sa'ar sabuwar shekara.

A ƙasashen Musulmi ma akwai bambanci. Kasuwar Saudiyya tana ci daga Lahadi zuwa Alhamis tun 2013, kuma takan rufe kwanaki da dama a kowace Salla. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuwa ta sauya makonta a farkon 2022, ta koma Litinin zuwa Jumma'a, domin ta dace da manyan kasuwannin duniya. Wanda yake da ɗa ko ɗan'uwa a Makka ko Jidda da yake aiko masa da kuɗi ta banki, ya lura cewa ranakun da bankunan ƙasashen biyu suke buɗe tare huɗu ne a mako, Litinin zuwa Alhamis. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar kuwa, kasuwar hannun jarinsu tana Abidjan ne, wadda suke tarayya a cikinta da ƙasashe bakwai masu amfani da kuɗin sefa, tun 1998. Takan yiwu kuma a yi Salla a Ƙonni yau, a yi a Illela gobe, ɗan canjin bakin iyaka ya ga bankin wannan gefe a buɗe, na wancan a rufe.

Ko sa'o'in ciniki ma an sha gyara su domin wannan dalili. A watan Disamba na 2010 aka ƙara wa kasuwar Ikko sa'a biyu, lokacin tashi ya koma ƙarfe biyu da rabi na rana maimakon sha biyu da rabi, domin a ba masu zuba jari na ƙasashen waje damar shiga.

Ra'ayoyi biyu

Masu masana'antu da wasu masana tattalin arziki sun daɗe suna kukan cewa ranakun hutu sun yi yawa, kuma sanar da su a ƙurarren lokaci yana ɓata shiri. Suna nuni da ƙasar Turkiyya, wadda take tsai da ranakun Salla ta hanyar lissafin taurari tun kafin shekara ta kama. Malamai da yawa kuwa suna ganin cewa ganin wata ibada ce da ba za a sarayar da ita domin kasuwa ba. Ma'aikaci ɗan Tambuwal da yake aiki a Fatakwal ko Ikko ma zai ce kwana biyu ba su isa ya zo gida ya gai da iyaye ya koma ba. Hutu kuma ba asara ce tsantsa ba, gama direba da tela da mahauci da mai kiwo a lokacin suke samun cinikin shekara.

A ganinmu, ba sai an taɓa ganin wata ba kafin a gyara. Tun da kowa ya san wata ba ya wuce kwana 29 ko 30, ranakun da Ƙaramar Salla za ta iya faɗawa biyu ne kawai, kuma an san su tun daren da aka ɗauki azumi. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida tana iya bayyanawa tun farkon Ramadan cewa in Salla ta kama rana kaza ga ranakun hutu, in ta kama washegari ga su. Da haka banki da dillali da akawun albashi kowa zai yi shiri biyu ya ajiye. Babban Banki kuma ya tabbatar an wadata rassan karkara da tsabar kuɗi a makon da ya gabaci biki.

Abin da ya rage ga mai karatu

Kafin hukuma ta yi nata, akwai abin da kowa zai iya yi wa kansa. Wanda zai sayar da hannun jari ko ya karɓi cek domin hidimar Salla, ya ƙirga kwanan aiki da baya daga ranar ƙarshe da za a buɗe banki, ya ƙara kwana ɗaya na ko-ta-kwana. Wanda wa'adin bashinsa ko na kuɗin makarantarsa ya faɗa makon hutu, ya biya kafin hutun. Mai fatauci ya yi magana da mai POS ɗin da yake hulɗa da shi tun da wuri, ya kuma riƙe shaidar duk kuɗin da aka tura masa. Akawun albashi a sakatariyar ƙaramar hukuma ya tuna cewa takardar da ya bari a kan tebur ranar Alhamis tana iya hana gidaje ɗari cefanen Salla. Ɗalibai masu karatun tattalin arziki da aikin akanta kuwa, su riƙe bambancin kwanan aiki da kwanan kalanda, domin za su tarar da shi a kowace yarjejeniyar kuɗi da za ta bi ta hannunsu.

Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wata zai ci gaba da tsayawa a daren da Allah ya nufa, fadar Sarkin Musulmi za ta yi sanarwa, Minista zai ba da hutu, kasuwar Ikko kuma za ta rufe. Mutumin Tambuwal ko na Kebbe da ya gama lissafinsa tun azumi yana goma sha, shi ne zai tafi idi da kwanciyar hankali.